Yadda Ake Tara Wuƙaƙe da Yawo da Su, Daga ta Aljihu Zuwa Takobin Fim

Takobin ado na farko da na saya ya shekara biyu rataye a bango kafin in san abin da ke cikinsa. Irin na fim ne, dogo, mai sheƙi, an zana wasu rubuce-rubuce a ruwansa. Wata rana ina goge masa ƙura sai na ji ƙotar tana motsi a hannuna. Na kwance dunƙulen ƙarfen da ke gindinta, na zare ta, sai ga abin da ke riƙe da wannan dogon ƙarfe gaba ɗaya: wata siririyar sanda da kaurinta bai kai na fensir ba, an liƙa ta da ɗigon walda guda. Jikina ya yi sanyi, don na tuna sau nawa baƙi suka sauke shi suna kaɗa shi a iska a tsakar ɗaki, yara na tsaye suna kallo. Da waldar nan ta saki a lokacin, ruwan takobin zai fita ne kamar an harba mashi.

Tun daga ranar ba na kawo wani abu mai kaifi gida sai na san aikin da aka ƙera shi domin sa. A kan wannan na gina matakan da ke tafe.

Mataki na ɗaya: raba su gida uku

Akwai wuƙar aiki, wadda za ka sa a aljihu ka yanke igiya, ka farke kwali, ka fiƙe fensir. Akwai wuƙar ajiya, wadda darajarta tana ga tsufanta ko ga hannun maƙerin da ya yi ta, amfani da ita rage mata ƙima yake. Sai kuma kayan ado, kwaikwayon makaman da ake gani a fina-finai da wasannin bidiyo, waɗanda ido kaɗai aka yi wa. Duk abin da za ka saya, ka yanke masa gida tun kafin ka biya kuɗi.

Sannan ka zaɓi hanya guda ka bi. Wani yana tara wuƙaƙen ƙasa ɗaya, wani na kamfani ɗaya, wani yana bin iri-iren makullin da ke riƙe ruwan wuƙa a buɗe. Wanda ba shi da hanya, cikin shekara guda zai tarar da akwati cike da tarkace.

Mataki na biyu: ka san ƙarfe

Nan ne sababbin shiga suka fi sakaci, alhali nan ne kan maganar. Ƙarfen wuƙa iri biyu ne a dunƙule. Na farko baƙin ƙarfe mai sinadarin kabon, kamar wanda ake yi wa lamba 1095, mai ɗauke da kabon kusan kashi 0.95 cikin ɗari. Yana ɗaukar kaifi sosai, yana da sauƙin wasawa, amma ka bar shi da jiƙa na dare ɗaya, da safe ka ga jan tsatsa. Na biyu shi ne marar tsatsa, wanda aka zuba wa sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Harry Brearley ne ya fito da shi a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Sunan nan na marar tsatsa kada ya ruɗe ka, jinkirin kamawa yake yi kawai. Gumi da ruwan gishiri suna cin sa in an yi sake.

Lambar ƙarfe rabin labari ce. Sauran rabin yana ga yadda aka gasa shi a wuta, aka tsoma shi ya huce farat ɗaya, sannan aka sake ɗumama shi don ya rage gautsi. Ana auna taurin da ya samu da ma'aunin Rockwell, za ka ga an rubuta HRC da lamba a gaba. Mafi yawan wuƙaƙen aljihu suna tsakanin 55 da 62. Wadda ke ƙasa tana saurin dakushewa amma tana jure wahala, kuma nan da nan take komawa daidai a kan dutse. Wadda ke sama tana daɗewa da kaifi, sai dai in ka banƙare wani abu da ita bakin yana iya ɓalgacewa. Ni a ganina mai koyo ya fara da mai ɗan laushi, don ita ce za ta koya masa wasawa ba tare da ta gajiyar da shi ba. Kamfanin da ya rubuta sunan ƙarfensa da taurinsa ya yarda da aikinsa ne. Wanda ya cika kwali da kirari bai faɗi ko ɗaya ba, ka ajiye masa kayansa.

Mataki na uku: sayen farko da dubawa a hannu

Ba sai ka fara da masu tsada ba. Akwai tsofaffin ƙira da suka yi sama da shekara ɗari ana amfani da su, kuma kowace tana koyar da wani abu.

Opinel ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a yankin Savoie a 1890, ƙotar itace ce da ruwa guda. A 1955 aka ƙara mata zoben da ake murɗawa ya kulle ruwan. Tana da wani hali da nake so: in iska ta yi laima itacen yakan kumbura ya riƙe ruwan gam. Maganinsa shi ne ka ƙwanƙwasa ƙarshen ƙotar a kan tebur sau ɗaya, sai ruwan ya ɗan leƙo ka kama shi. Victorinox ta Suwizalan kuwa Karl Elsener ne ya kafa maƙerarta a garin Ibach a 1884, ya fara kai wa sojojin ƙasar wuƙaƙe a 1891, ya yi rajistar wuƙar hafsoshi a 1897. Ita ce jar nan mai almakashi da sukudireba a ciki. Babu makulli a ƙananan, ƙarfin sifirin ne ke riƙe ruwan a buɗe, wannan kuwa zai yi maka amfani idan mun zo maganar doka. In kana son wadda ba ta naɗewa, Morakniv ta garin Mora a Suwidin tana da faffaɗan gefe guda da ke kwanciya a kan dutse shi da kansa, babu wadda ta kai ta sauƙin koyon wasawa.

Daga nan sai ka leƙa masu makulli. Buck 110 ta Amurka, wadda ta fito a 1964, ita ce ta yaɗa makullin baya, wanda ake dannawa a doron ƙota. Kamfanin Spyderco a 1981 ya kawo ramin babban yatsa a jikin ruwa, don buɗewa da hannu ɗaya, da kuma ɗan maƙalen da ake soke wa a bakin aljihu.

Idan wuƙa ta zo hannunka, kada sheƙi ya ɗauke maka hankali. Buɗe ta, ka kama bayan ruwan da yatsu biyu ka girgiza shi hagu da dama, sama da ƙasa. Bai kamata ka ji wasa ba. Rufe ta ka leƙa ta sama: ruwan ya zauna a tsakiya, ba ya gogar gefe, tsinin kuma ya shige ciki sarai. Tsinin da ya leƙo ko kaɗan zai yage aljihu, wata rana ya yage yatsa. In mai makulli ce, ka danna bayan ruwan da tafin hannu a hankali, yatsunka na nesa da hanyar da zai bi in ya rufe. Wadda ba ta naɗewa kuma, abin dubawa shi ne wutsiyarta, wato ragowar ƙarfen da ya shige cikin ƙota. Mafi ƙarfi ita ce wadda faɗinta ya kai na ƙotar, har kana ganin layin ƙarfe a tsakanin ɓarin itacen biyu.

Mataki na huɗu: koyon wasawa

Dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi yanka mai ita, domin sai ka danna da ƙarfi, ta zame, ta tafi inda ba ka aike ta ba.

Ka nemi dutsen wasa mai fuska biyu, ɗaya lamba 1000, ɗaya tsakanin 3000 da 6000. Girman lamba shi ne laushin dutse. In irin na ruwa ne da ake jiƙawa, ka tsoma shi har kumfar da ke tasowa ta tsaya, kamar minti biyar zuwa goma. Shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa don kada ya yi yawo.

Kwanan da ake so kusan digiri 20 ne a kowane gefe. Ga yadda za ka same shi ba tare da ma'auni ba: tsayar da wuƙar cak a kan dutse, ka kwantar da ita rabi, ka sake kwantar da rabin wannan, ka ɗan ƙara sassautawa kaɗan. Sai ka ɗauki alƙalamin maka, mai baƙin tawada, ka shafa wa bakin wuƙar baƙi daga gindi har tsini. Goga sau uku, ka ɗaga ka duba a haske. Idan baƙin ya goge a can sama ya bar bakin, ka kwantar da yawa. Idan siririn layi kawai ya goge a kan kaifi, ka ɗaga da yawa. Idan ya goge duka, hannunka ya samu wurin, sai ka kafe wuyan hannu ka bar kafaɗa ta yi tafiyar.

Ka tsaya a gefe ɗaya har sai ka ji geza. Shafa babban yatsa a ɗaya gefen, daga baya zuwa baki, a gicciye, ba a bin tsawon kaifi ba. Za ka ji wani ɗan kaushi yana kama fatar yatsa, kamar ƙaiƙayi. Wannan ƙarfe ne da ya lanƙwaso, shaidar cewa ka kai ƙarshen baki. Sai ka ji shi tun daga gindi har tsini kafin ka juya. Yawancin masu cewa sun wasa wuƙa ta ƙi kaifi, a nan suka yi gaggawa. Bayan gefe na biyu, koma kan lallausar fuska da hannu marar nauyi, kana musanya gefe. Ƙarshe ka ja ta a kan tsohon bel na fata, bayan wuƙar na gaba, sau goma kowane gefe. Gwada a takarda: mai kaifi tana ratsawa da sauti ɗaya siriri, inda ta tsaya ta yage kuwa, nan ne gezar ta rage.

Wannan duka na wuƙar aiki ne. Tsohuwar wuƙar ajiya ba a kai ta kan dutse.

Mataki na biyar: takubban fim da na wasanni

Sha'awar nan tana da ƙarfi, ni ma ina da ita, kuma babu aibu a ciki. Abin da ya kamata ka sani shi ne mai zanen makamin labari ba maƙeri ba ne. Ɗauki irin ƙaton takobin nan da jarumi ke saɓawa a kafaɗa: a ce tsawon ruwansa santimita 120, faɗi 20, kauri 1. Nauyin ƙarfe kusan giram 7.85 ne a kowane ɗan dunƙule mai tsawo, faɗi da kaurin santimita ɗaya, ka ga ruwan kaɗai ya doshi kilo 19. Takobin yaƙi na gaske na hannu ɗaya kuwa tsakanin kilo 1 ne da 1.5. Shi ya sa duk mai kwaikwayon irin waɗannan dole ya yi dabara, ko ya sirantar da ƙarfen, ko ya koma ga alminiyom, roba ko soso.

Iri uku za ka tarar. Akwai na bango, galibi na ƙarfe marar tsatsa, da siririyar wutsiya irin wadda na ba ka labari. Ƙarfe marar tsatsa yana da kyau a gajeriyar wuƙa, amma a dogon ruwa gautsi gare shi, ba ya jure duka. Wannan kyan ɗan maciji ne: a rataye shi, kada a kaɗa, kada a sari komai da shi, kada a wasa. Akwai na aiki, waɗanda ake yi da baƙin ƙarfe kamar 1060 ko 5160, an gasa su yadda za su lanƙwasa su dawo, wutsiyarsu ta fito daga jikin ruwan ba walda. Su makamai ne na gaske ko da siffarsu ta tatsuniya ce, haka za ka riƙe su. Sai na shiga taro, na soso ko roba, waɗanda masu shigar jaruman fim ke ɗauka. Yawancin manyan tarukan irin wannan ba sa barin a shiga da ƙarfe, kuma suna duba kayan mutum a ƙofa. Ka karanta ƙa'idar taron kafin ka bar gida.

Kafin ka saya, tambayoyi uku za ka yi wa mai sayarwa: wane ƙarfe ne, yaya wutsiyar take, an gasa shi ko ba a gasa ba. Ka nemi hoton takobin a kwance, ƙota a cire. In ya tsaya kame-kame, ka ɗauke shi a matsayin na bango. Masu lasisi daga kamfanin fim sukan zo da takardar shaida, wani lokaci da lamba a jiki. Ka adana takardar da kwalin, domin ran da za ka sayar su ne za su yi maka magana.

Mataki na shida: kauce wa jabu

An fi yin ha'inci a ƙarfen da ake kira Damaskas, mai zane kamar igiyar ruwa. Na zamanin da daga wani ƙarfe yake da ake narkawa a kudancin Indiya. Na yanzu kuwa ƙarafa biyu ake jerawa, a haɗe su a wuta, a ninka, a murɗa, sannan a tsoma a asid zanen ya fito. Na jabu buga zanen ake yi a sama kawai. In ka ga wuƙaƙe biyu zanensu ya zo iri ɗaya sak, bugawa aka yi, don aikin ninki ba ya maimaita kansa.

Ka yi hattara da ƙotar hauren giwa. Tun 1989 yarjejeniyar CITES, ta kare namun daji da tsirrai, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, jami'an kwastan suna ƙwacewa, mai shi kuma ya shiga matsala.

Mataki na bakwai: doka da yawo da wuƙa

Mallaka daban, fita da ita daban. Dokoki sun bambanta ƙwarai, kuma rashin sani ba ya wanke mutum a gaban alƙali. A Ingila da Wales, dokar 1988 ta yarda a yi yawo da wuƙa mai naɗewa, marar makulli, wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62. Mai makulli komai ƙanƙantarta sai da ƙwaƙƙwaran dalili, hukuncin kuwa yana iya kai wa ɗaurin shekara 4. Kenan ƙaramar Victorinox ta tsira, Opinel mai zobe ba ta tsira ba. Tun 2008 kuma suka hana sayar da lanƙwasassun takubba masu tsawon santimita 50 ko fiye, ban da tsofaffi da waɗanda aka ƙera da hannu ta hanyar gargajiya. A Jamus an hana fita da wuƙa mai makulli da ake buɗewa da hannu ɗaya, da marar naɗewa da ta wuce santimita 12, sai da hujja. A Japan iyakar santimita 6 ce in babu dalili, ban da 'yan keɓe-keɓe, takubban atisaye da yawa a can kuma da haɗin alminiyom da tutiya ake yin su, wanda ba ya ɗaukar kaifi. A Amurka dokar tarayya ta 1958 ta taƙaita cinikin wuƙa mai fitowa da maɓalli tsakanin jihohi, sauran kuma kowace jiha da nata. Ka nemi dokar inda kake da ta inda za ka, ka karanta da idonka.

Jirgin sama: a babbar jakar da ake aunawa, cikin kube, a naɗe, ba a aljihu ko jakar hannu ba. Ka laluba makullan motarka ma, 'yan ƙananan wuƙaƙen da ke rataye a jikinsu su aka fi mantawa. Makaranta, kotu, filin wasa, duk a bar ta a gida.

Ba na ba kowa shawarar ɗaukar wuƙa don kare kai. Wanda ya fita da wannan niyya, ƙaramar gardama tana iya zame masa abin da zai yi nadama har ƙarshen rayuwarsa, kuma a ƙasashe da yawa faɗin wannan dalili ga ɗan sanda shi kansa amsa laifi ne. Ka ɗauki mafi ƙanƙantar da za ta yi maka aikinka. A cikin mutane ka buɗe ta da hannu biyu, a natse, ka yi abin da ya kawo ka, ka rufe. Yanka ya riƙa tafiya nesa da jikinka. In za ka miƙa wa wani, ka rufe ta, ko ka ajiye a tebur ya ɗauka. In ta suɓuce, ja ƙafarka baya ka bar ta ta faɗi, kada ka kai hannu. Takobi kuwa in za ka kai shi wani wuri, a cikin akwati rufe, a bayan mota, kai tsaye.

Mataki na takwas: ajiya

Maƙiyin farko laima ce, na biyu yatsunka. Gumin hannu yana barin zanen yatsa a baƙin ƙarfe wanda ba ya fita. Duk sanda aka taɓa ruwa, a goge da tsumma mai laushi, a shafa siririn farin man keken ɗinki. Ga waɗanda za su daɗe ba a taɓa ba, akwai kakin Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihi na British Museum a shekarun 1950. Shafa kaɗan, bari ya bushe, goge.

Kada ka bar wuƙa ta yi watanni a cikin kuben fata. Fata tana riƙe danshi, sinadaran jima kuma suna cin ƙarfe, suna sa tagulla ta yi kore. Ajiye kowanne gefe da gefe. Jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi a akwatin, ka yi ƙoƙari laimar wurin ta tsaya ƙasa da kashi 50. Tsofaffin wuƙaƙen aljihu masu ƙotar seluloyid, wata tsohuwar roba mai launi, ka ware su daban, don in ta fara ruɓewa tururin da take fitarwa yana cinye ƙarfenta da na maƙwabtanta.

Duhun da shekaru suka bari a tsohon ƙarfe ba datti ba ne, kada ka kai masa sanfefa. Jan tsatsa mai ci shi kaɗai ake tsayarwa, da mai da tsumma. Masu tara takubban Japan ba sa taɓa tsatsar wutsiya sam, saboda da ita masana ke gane shekarun takobi.

Ka buɗe littafi: sunan kowace wuƙa, maƙerinta, ƙarfenta, ranar saye, hoto, da gidan da ka sa ta cikin ukun nan. Masu kaifi a akwati mai kulle, makullin a wurinka. Na bango kuma a kafa maratayinsu da sukuru mai shiga cikin bulo, ba ƙusa ba, a wurin da hannun yaro ba ya kaiwa ko ya taka kujera, kuma ba saitin gado ko inda ake zama ba. Nawa na farkon nan yana nan har yanzu, sai dai na ɗaure shi da siririyar waya a jikin maratayin, a wuri biyu, yadda ba mai sauke shi sai da filaya.